Ninki 487 Bai Nuna Masa Mushtari Ba: Yadda Wani Malami Ya Koyi Zaɓen Maleƙi da Mataci

Mutumin da na'urarsa

Malamin sakandare ne mai koyar da labarin ƙasa, shekarunsa 46, gidansa na wata sabuwar unguwa a gefen birnin Kano. Tun yana saurayi yake sa tabarau, saboda wata matsalar ido da ke sa ɗigon haske ya yi masa jela maimakon ya tsaya a dunƙule. A watan Oktoban 2023 ƙaninsa da ke aiki a Ingila ya zo ganin gida, ya kawo masa tsarabar na'urar hangen taurari. Ya san gwaninsa, don tun suna yara shi ne mai kwanciya a tabarma bayan Isha'i yana nuna musu Zara da kaza da 'ya'yanta.

Na'urar irin wadda Newton ya ƙirƙiro ce. Bututu ne buɗaɗɗe, a gindinsa akwai madubi mai ɗan zurfi kamar faranti, faɗinsa milimita 130, yana tattara haske a nisan milimita 650. Kusa da bakin bututun akwai wani ƙaramin madubi a karkace da ke juya hasken zuwa gefe, a nan gefen kuma ake zura ɗan gilashin da mutum ke ɗora ido a kai. Wannan ɗan gilashin shi zan riƙa kira maleƙi. Ana cire shi a sa wani, kowanne da lambarsa ta milimita a jiki. Mataci kuwa, wato filta, wani siririn gilashi ne da ake murɗawa a gindin maleƙi kamar murfin kwalba, ya tare wani haske ya bar wani ya wuce. Na'urar ba ta da dogayen ƙafafu, a kan tebur ake ajiye ta, da hannu ake tura ta. Ta zo da maleƙai biyu, mai lamba 25 da mai lamba 10.

Abin da ke tafe na ɗauko shi ne daga littafin da ya riƙa rubuta abin da ya gani, da kuma hirar da muka yi da shi.

Nuwamba 2023: kallon farko

Ranar 3 ga Nuwamba duniyarmu ta shiga tsakanin rana da duniyar Mushtari (Jupiter), wanda shi ne lokacin da Mushtarin ya fi girma da haske a shekara. Malam ya hau da na'urar saman dakin gidansa, ya ɗora ta a kan wani tebur na roba, ana idar da sallar Magariba ya juya ta gabas. Da maleƙi mai 25 ya ga farin ƙwallo ƙarami da ɗigo huɗu a jere, watannin nan da Galileo ya fara gani a Janairun 1610. Ya sauya zuwa mai 10. Ƙwallon ya ƙaru, amma gefensa na rawa kamar abin da ake hange ta saman garwashi, kuma sai ya cire tabarau ya manna ido kafin ya ga filin duka.

A waya ya sha ganin Mushtari da ratsi-ratsi da jan tabo, ya cika fuskar allo. Abin da ya rubuta a daren shi ne: ya yi ƙanƙanta, ana bukatar ƙarin ƙarfi.

Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: akwatin kaya

Ya shiga intanet ya yi odar wani akwatin alminiyam mai soso a ciki. Kuɗinsa ya tasar wa rabin albashinsa na wata. A ciki akwai maleƙai huɗu, masu lamba 4 da 6 da 12.5 da 40, da gilashin Barlow mai ninka ƙarfi sau uku, da matatai masu launi guda biyar, da matacin wata mai kore-kore, sai wani baƙi wuluk da aka rubuta sunan rana da Turanci a jikinsa.

Daren farko ya haɗa mai 4 da Barlow ɗin, tunda an ce ƙaramar lamba ita ce ƙarfi. Sai da ya shafe fiye da minti ashirin kafin ya kamo Mushtari, da ya kamo kuwa wani dusashen dunƙule ya gani, ba ratsi ba gefe, kamar kwan fitila a bayan labule. Kafin ya gama murɗa maɓallin saiti abin ya fice daga fili. Ya taɓa bututun don ya bi shi, teburin roba ya girgiza, komai ya ɓace. Ga wasu zare-zare da ɗige-ɗige da ke yawo a kan hoton, har ya ɗauka ƙura ce ta shiga gilashi. Ya cire maleƙin ya goge da gefen rigarsa. A tsakiyar hunturu ne, ƙurar da ke kan gilashin ta zame masa sanfefa, washegari da rana ya ga siraran zane a kai.

Mai 6 shi kaɗai ya ɗan fi, sai dai ramin leƙensa bai fi ƙwayar gero biyu ba. Da tabarau ba ya ganin komai sai tsakiya, ba tabarau kuma gashin idonsa na shafar gilashin yana barin maiƙo. Mai 40 ya gwada shi a kan farin wata da yamma, sai ga wata baƙar inuwa tana shawagi a tsakiyar hoton, ya kammala cewa na jabu aka sa masa. Matatan launi ya bi su ɗaya bayan ɗaya: ja ya mai da Mushtari ja, shuɗi ya mai da shi shuɗi, kore haka, ba wanda ya fito da ratsin da babu shi a da. Baƙin nan na rana ne kawai bai taɓa ba, shi ma don kullum da rana yana makaranta.

A watan Janairu ya koma kan gajimaren iskar gas da ke ƙasan taurari ukun nan masu jere na Oriyon, wanda ake yi wa lamba M42. Ya gan shi, amma a dushe, sararin bayansa fari-fari saboda hazo da fitilun unguwa.

Maris 2024: matacin hasken gari

Ya karanta cewa akwai mataci da ke tare hasken fitilun gari. A lokacin dala ta haura naira 1,500, duk da haka ya daure ya saya. Ya sa shi a mai 25 ya sake duba M42 dare uku. Sararin ya ɗan yi duhu ya koma shuɗi-shuɗi, gajimaren ma ya ragu daidai gwargwado. A wani daren da aka ɗauke wuta ya lura abin ya fi fitowa ba tare da matacin ba, ko da yake fitilun sola na kan titi suna nan a kunne. Daga nan ya mayar da komai akwati, ya rufe na'urar da tsohon zane, azumi ya shiga.

9 ga Afrilu 2024: jinjirin wata

Yaran unguwa ne suka sa ya sake fito da ita. Ranar Talata ce, jajibirin ƙaramar Sallah, suka taru a ƙofar gida wai Malam ya nuna musu watan Shawwal. Ba ya son hawa sama da su, sai ya fito da na'urar fili, ya rasa abin ɗora ta, uwargida ta ce a kifa tsohon turmi a ɗora katako. Ya jira rana ta faɗi sarai, ya sa mai 25 don shi ne mai saurin kamo abu. Nan take jinjirin ya fito, siriri kamar yankan farce, gefensa tar, ga sauran jikin watan ana ganinsa a dushe. Yara sun fi goma suna turereniya, hoton bai girgiza ba. Da dare ya yi ya juya kudu ya yi ta yawo da wannan maleƙin da ya raina, har ƙarfe goma sha ɗaya. A littafinsa ya rubuta tambaya ɗaya: me ya sa mafi rauni ya fi kyau?

Yuni zuwa Yuli 2024: lissafi a kan takarda

Akwai wani abokin marigayi mahaifinsa, dattijo da ya yi ritaya daga ɗakin gwaje-gwajen fiziks na wata jami'a. Malam ya ɗauki akwatin ya kai masa. Dattijon ya fara zaro baƙin matacin nan, ya juya shi a hannu.

"Ka taɓa duba rana da wannan?"

"A'a Baba, ban samu sukuni ba tukuna."

"To ka gode wa Allah."

Ya shiga ɗaki ya fito da ƙaramin gilashin karatu mai ƙara girman rubutu, ya tara hasken rana a kan busasshen ganye har ya yi hayaƙi. Ya ce madubin milimita 130 na tara haske kusan ninki 350 na abin da ƙwayar ido mai faɗin milimita 7 ke tarawa, kuma duk wannan zafin a daidai inda aka ce a murɗa wannan ɗan gilashin yake haɗuwa. Irinsa kan tsage ba sanarwa, ido na kai, kuma makantar da ke biyo baya ba ta da magani. Matacin rana na gaskiya a bakin bututu ake sa shi, ya rufe shi ruf, kashi ɗaya cikin 100,000 na hasken kawai yake bari ya shiga. Dattijon ya sa dutse ya farfasa gilashin da hannunsa, ya ce kada wani yaro ya tsinta.

Sannan suka zauna da biro. Ƙarfin jawowa, in ji shi, raba 650 za ka yi da lambar maleƙi. Mai 25 ninki 26 ke nan, mai 12.5 ninki 52, mai 10 ninki 65, mai 6 ninki 108, mai 4 ninki 162. Mai 4 da Barlow mai uku, ninki 487. Iyakar abin da madubi ke iya bayarwa kuwa kamar ninki biyu ne na faɗinsa a milimita, wato 260 ga wannan na'urar, shi ma sai a daren da iska ta kwanta lumui. Abin da ya wuce nan ba sabon bayani a cikinsa, hoton da ke akwai ne ake ja kamar roba yana ƙara dushewa.

Lissafi na biyu shi ne kaurin hasken da ke fitowa daga maleƙi ya shiga ido: raba 130 da ninkin. A ninki 487 kaurin bai kai kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Haske siriri haka shi ke fito da inuwar 'yan tarkacen da ke cikin ruwan idon mutum, su ne zare-zaren da ya yi ta gogewa a banza. A ɗaya ɓangaren, mai 40 na fitar da haske mai kaurin milimita 8, alhali ƙwayar idon matashi a duhu ba ta cika wuce 7 ba, ta mai shekara arba'in da wani abu kuma takan gaza haka, balle da yamma ko a gaban farin wata da take tsukewa. Gefen hasken sai ya zube a waje, abin da ya rage a tsakiya kuma inuwar ƙaramin madubin nan ce ta mamaye shi. Ashe maleƙin ba jabu ba ne, bai dace da wannan na'urar ba ne.

Gudun da Mushtari ke yi ma lissafi ne. Sama na juyawa digiri ɗaya kowane minti huɗu. Maleƙin Plössl, irin na cikin akwatin, ƙirar da ta samo suna daga wani maƙerin gilashi na birnin Biyana a ƙarni na 19, filinsa a ido kamar digiri 50 ne. Raba 50 da 487, abin da ake gani na sama kashi ɗaya cikin goma na digiri ne kacal, tauraro zai ƙetare shi cikin daƙiƙa 25. Irin wannan ƙirar kuma tazarar da take bari tsakanin ido da gilashi kamar kashi 70 cikin ɗari ce ta lambarta. Mai 6 tazarar milimita huɗu ke nan, mai tabarau kuwa yana son 15 zuwa 20.

Game da matacin hasken gari, dattijon ya ce an yi shi ne don tsofaffin fitilun titi na sodiyam, masu ruwan lemo, waɗanda kusan duk haskensu a wuri guda yake, wajen nanomita 589 a ma'aunin launin haske, da kuma na makuri. Toshe wannan ƴar ƙofar, ka kashe su. Fitilun LED da na sola farin haske suke bazawa a kusan kowane launi, ba ƙofa ɗaya da za a toshe.

A ƙarshe ya leƙa ramin maleƙi babu gilashi, ya girgiza kai, ya ce madubin a karkace yake, wataƙila tun daga jijjigar jirgi da mota.

Agusta zuwa Satumba 2024: gyaran da bai ci kuɗi ba, da saye ɗaya

Malam ya huda tsakiyar murfin ramin maleƙi da allura mai zafi. Ta wannan hudar yake leƙawa, yana murɗa sukurori ukun da ke bayan babban madubi kaɗan-kaɗan, har ɗan zoben da ke tsakiyar madubin ya hau daidai kan inuwar hudar. Karon farko ya ci masa awa ɗaya da ɓacin rai, daga baya ya koma minti biyar. Ya daina hawa saman dakin, domin siminti da rufin kwanon maƙwabta na kwana suna fitar da zafin da suka sha da rana, wannan iskar mai tashi ita ke sa hoto rawa. Ya koma tsakar gida a kan ƙasa, turmi ya zama na na'ura (uwargida ta sa an sayo mata sabo). Yana fito da ita minti arba'in kafin ya fara kallo don madubin ya huce. Goge gilashi da riga ya bari, ya samo ƴar robar hura iska.

Damina ta yi masa rana. Daren da ya biyo bayan ruwan sama sarari kan wanke tas, ba ƙura ko kaɗan. Da mai 25 da mai 12.5 ya ga tarin taurarin M7 kusa da wutsiyar kunama, ya ga gajimaren M8.

Abu ɗaya ya roƙi ƙaninsa ya aiko: wani maleƙi mai lamba 6, amma mai filin digiri 66 da tazarar ido wajen milimita 15. Ninkinsa 108, daidai da na akwati, ba ƙari. Bambancin shi ne ido na zama a sake, kuma abu na ɗaukar kusan minti biyu da rabi kafin ya fice. Ya kuma gano cewa a wannan ƙarfin zai iya cire tabarau, domin hasken da ke shiga idonsa kaurin milimita 1.2 ne kawai, matsalar idon ba ta bayyana sosai. A mai 25 ne tabarau ke zama dole.

Ranar 8 ga Satumba Zuhal (Saturn) ya kai lokacinsa na shekara. Ya gan shi da zobensa kamar allura ta soke lemo, ga watansa Taitan a gefe. Bai ga tsagar nan da Cassini ya gano a 1675 ba, kuma wannan karon ya san dalili: zoben ya kusa juyo mana da kaifinsa, abin da ya cika ranar 23 ga Maris 2025.

Disamba 2024 zuwa Janairu 2025: komawa kan Mushtari

Ranar 7 ga Disamba Mushtari ya sake zagayowa. Wannan karon bai duba shi da Magariba ba, lokacin da yake ƙasa-ƙasa haskensa na ratso iska mai kauri da zafin rufin gidaje. Ya jira har ƙarfe goma sha ɗaya, ya hau kusan tsakiyar ka. A ninki 108 ratsi biyu masu ruwan ƙasa suka fito ɓaro-ɓaro. Ya zauna a kujera ƴar tsugunno minti talatin bai ɗaga ido ba, yana jiran 'yan daƙiƙun da iska ke tsayawa cak, a cikinsu ne ya ga gefen ratsin ba miƙaƙƙe ba ne, yana da tsaga da kumburi. A cikin makonni biyu ya ga jan tabon sau uku, ba ja sosai ba, kamar ruwan goro da ya kwana. Sau ɗaya kuma ya ga baƙin ɗigo, inuwar ɗaya daga watannin, tana rarrafe a kan fuskar duniyar. Ya sake gwada shuɗin mataci mai haske: ratsin sun ɗan ƙara fitowa, kaɗan ƙwarai, har ya rubuta cewa bai tabbata ba ko ido ne ke ruɗarsa.

Hazo marar kauri bai hana shi ganin Mushtari ba. Abubuwa masu dushi-dushi ne ƙura ke kashewa.

Kafin hutun ƙarshen shekara wani baƙo daga Ingila ya taho masa da mataci irin wanda ake kira UHC. Shi wannan ƴar siririyar ƙofa yake bari, inda haidirojin ke haske a nanomita 486 da iskar oksijin a 496 da 501, ya toshe kusan duk sauran. Ya tafi da shi ƙauyensu, tafiyar kamar awa ɗaya a mota, a dararen da babu farin wata, ya yi sa'ar dare biyu da hazo ya lafa. Tun kafin ya sa matacin M42 ya ba shi mamaki, ya ninka abin da yake gani a gida. Da ya murɗa shi a mai 25, fikafikan gajimaren suka ƙara buɗewa, taurarin kewaye suka dushe. Ya juya kan kaza da 'ya'yanta da kuma damin taurarin Andiromeda, duka biyu suka lalace da matacin, don su hasken taurari ne mai kowane launi, ba iskar gas mai ƙofa ɗaya ba.

Lokacin Mirrihu (Mars) ya zo ranar 16 ga Janairu, girmansa a ido bai kai kashi ɗaya cikin uku na Mushtari ba. A ninki 108 ya ga farin tabon ƙanƙara a kansa na arewa. A nan ne kaɗai mai 4 ya yi amfani, a ninki 162, dare biyu da iska ta nutsu, ruwan lemon mataci kuma ya ɗan fito da duhu-duhun da ke jikin duniyar.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganina babban kuskuren bai faru a wurin saye ba, ya faru ne daren 3 ga Nuwamba, da ya ga hoto na rawa ya ce ƙarfi ne ya gaza. Abu huɗu ne suka ɓata hoton a daren: madubi a karkace, tebur mai girgiza, zafin siminti, da duba abu yana ƙasa-ƙasa. Babu ɗaya a cikinsu da maleƙi ke gyarawa, ƙara ninki ma ƙara fito da su yake yi. Dukansu kuma kyauta aka gyara su. Da ya fara da nan, mai 10 da ya zo da na'urar ya isa ya nuna masa ratsin Mushtari tun shekarar farko.

Daga kaya goma sha biyu da ke cikin akwatin, mai 12.5 ne kaɗai yake ɗauka kullum. Mai 4 da matatai biyu na launi kan fito sau 'yan kaɗan a shekara. Barlow mai uku bai da gurbi a na'ura mai wannan girman sai da dogayen lambobi, da mai 25 ma ninki 78 yake bayarwa, kusa da abin da mai 10 ke yi. Matacin wata mai kore ya ajiye shi, don ya gano hasken wata ba ya cutar da ido, ɗaukar ido kawai yake, ƙara ninki ko barin fitilar tsakar gida a kunne na rage shi, kuma daren bakwai zuwa goma ga wata, lokacin da inuwa ke kwance a ramuka irin su Kofanikas mai faɗin kilomita 93, ya fi daren sha huɗu abin kallo nesa ba kusa ba.

Saye biyu ne suka biya kuɗinsu, sabon mai 6 da UHC, kuma duka biyu an saye su ne bayan ya iya faɗin takamaiman abin da ke damunsa: tazarar ido da ƙuncin fili a ɗaya, gajimaren gas a ɗayan. Ko UHC ɗin ma ban ba shi rabin yabon ba, man motar zuwa ƙauye ya fi shi aiki. Matacin hasken gari ba na ɗora masa laifi sosai a kansa, shawarar da ya karanta gaskiya ce a zamanin fitilun sodiyam, zamanin ne ya wuce ta.

Yanzu maleƙai uku ke cikin ƴar jakar da yake fita da ita, 25 da 12.5 da sabon mai 6, wato ninki 26 da 52 da 108. Yana tara kuɗin matacin rana na bakin bututu, kafin nan kuma da gari ya waye na'urar na ɗaki a kulle, makullin na aljihunsa. Akwatin alminiyam ɗin an cire masa soso, uwargida na ajiye zare da allura a ciki.